Littafin Baba da Ƙurar Hunturu

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bakaniken soja ne. Da ya yi ritaya ya zauna a Kafanchan, kusa da tashar jirgin ƙasa, bai taho da wata dukiya ba sai akwatin ƙarfe guda. A ciki akwai littafin da masu ƙera motocin soja suka buga, wanda ya ƙayyade awowin da kowane sashe na inji zai yi yana aiki kafin ya lalace. Ina yaro na ɗauka wannan lissafi yankan wuƙa ne. Wata rana na faɗa masa haka, sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wanda ya rubuta wannan bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba, bai kuma san taɓon hanyar Kagoro da damina ba."

Sai da na girma ya ba ni labarin. A wani daji motarsu ta mutu, alhali suna ɗauke da abokinsa da ya ji rauni. Ƙura ce ta toshe matatar iska, sabuwar da suka nema tun watanni kuwa ba ta iso ba. Bisa lissafin littafin, injin bai ci rabin kwanansa ba. Kafin gari ya waye abokin ya cika.

Daga baya na fahimci cewa littafin bai yi ƙarya ba. A ɗakin gwaji ake auna inji, da tataccen mai da ƙwararrun hannaye, sannan a fitar da matsakaicin lissafi. Fagen daga kuwa yana da ƙura da zafi da gajiyar direba da jinkirin kayan gyara. Ko Amurka ba ta tsira ba. A watan Afrilu na 1980 ta tura jirage masu saukar ungulu guda 8 don ceto mutanenta da aka tsare a Tehran. Guguwar ƙura da lalacewar na'urori suka rage su zuwa 5, alhali 6 ake bukata, dole aka fasa. Wajen janyewa aka yi karo, sojoji 8 suka mutu.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Littafin yana wurina har yau. A gefen kowane adadi Baba ya rubuta nasa da fensir, kuma nasa kullum ya fi ƙanƙanta.