Abin da Nake Gani ta Hudar Langa-langa



A hanyata ta zuwa makaranta akwai wani fili da aka kewaye da langa-langa. A jikin langa-langar akwai wata huda daidai tsayin idona, kuma kusan kullum sai na tsaya na leƙa. Har abokaina sun sa mini suna Sarkin Leƙe. Ni dai ban damu ba, domin ina da dalilina.

Babana manomin lambu ne a bakin rafin da ke bayan unguwarmu. Yana shuka latas da kabeji da alayyahu. Da kuɗinsu ake yi mana cefane, da su aka ɗinka mini yunifom ɗin da ke jikina. Sai dai ruwan rafin ba ruwan kirki ba ne. Wata rana baƙi ƙirin, wata rana ja-ja da kumfa a kai, ga wari. Ruwan kwatocin gidaje da na masana'antu duk a nan suke haɗuwa, kuma da rani babu wani ruwan sai shi. Ƙafafun Baba duk sun tsattsage saboda tsayuwa a ciki. Kullum da dare sai Inna ta shafa masa man kaɗanya.

Wata rana a lokacin tara, wani ɗan ajinmu ya ce shi ba ya cin latas ɗin bakin rafi, wai da ruwan ƙazanta ake shayar da shi. Bai san sana'ar babana ba. Na yi shiru, amma kunya ta hana ni ƙarasa awarata. Da na koma gida na ce, "Baba, me ya sa ba za ku daina ban ruwa da ruwan nan ba?" Ya dube ni ya ce, "To ɗan nan, da wanne zan yi? Ka ga aikin can na cikin langa-langa? Idan aka gama shi, ruwan zai gyaru." Tun daga ranar na fara leƙe.

Da can wani tsohon tanki ne a wurin, wanda ya daɗe da daina aiki. Ina aji 6 na firamare katafila ta zo ta yi haƙa, tifofi suna kwashe ƙasa. Da na shiga JS 1 aka ɗaure rodi, aka zuba kankare, tankuna 2 masu zagaye suka tashi. Sai damina ta sauka, aiki ya tsaya cak. Ruwa ya cika ramin, ciyawa ta fito, kwaɗi suka tare. Mutanen unguwa suka ce ai shi ke nan, aiki ya mutu. Na ji ciwo ƙwarai, har na daina bin hanyar. Amma bayan Babbar Sallah sai ga leburori sun dawo da hulunan kwanonsu. Yanzu an kusa gama tanki na 3, mai kusurwa huɗu. An rufa ɗakin inji, saura tagogi. Ga kuma manyan bututai baƙaƙe an jibge a gefe.

Na tambayi malaminmu na kimiyya amfanin kowane tanki, ya zana mana a allo. Da farko ruwan yana bi ta wata rariyar ƙarfe da ke tare leda da tsummokara. Daga nan ya shiga tanki mai zagaye ya kwanta, laka ta nutse ƙasa, maiƙo ya taso sama a kwashe. Sai a tura shi tankin da inji ke hura wa iska. A ciki akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya, su ne suke cinye dattin. Wannan ya ba ni mamaki, domin na ɗauka duk bakteriya cuta ce. Bayan ruwan ya sake kwanciya sai a kashe sauran ƙwayoyin cuta, sau da yawa da kulorin. Malam ya ja kunnenmu cewa ba ruwan sha ba ne, amma ya isa a mayar da shi rafi.

Ya kuma ce matsalar ba ta unguwarmu kaɗai ba ce. Kano tana da unguwannin masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyom, wanda sai an yi masa aiki na musamman kafin ya fita daga ruwa. Rafin Getsi yana zuba a Jakara, ita kuma ta gangara dam ɗin Wasai a Minjibir, inda ake noma da kamun kifi. A Abuja ma akwai babbar matatar ruwan datti a Wupa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, matatar ba za ta iya tace abin da muka zuba a rafi bayan ruwan ya fita daga cikinta ba. Ni kaina ina jefa ledar fiya wata a kwata, amma yanzu na daina. Ina roƙonku ku ma ku daina.

A bayan littafina na lissafi ina rubuta duk sabon abin da na gani. Kullum bayan Magariba Baba yakan ce, "Injiniya, yau me ka gano?" A makon jiya na ce masa an fara haƙa ramin bututu, ya yi murmushi ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Ranar da aka kunna injin, in Allah ya so, zan cika leda da latas ɗin lambunmu in kawo wa ɗan ajinmu nan. Allah ya nuna mana.