Bishiyar da Take Ƙirga Sanyi

A shekarar da ta yi ritaya daga koyarwa, matar ta bar Washinton ta koma Finiks a jihar Arizona, kusa da 'yarta da jikokinta. Shekara talatin ta yi tana fita tare da mijinta a ƙarshen watan Maris don kallon furannin ceri a bakin ruwa, itatuwan da suka samo asali daga kyautar dashe fiye da 3,000 da birnin Tokyo ya aika a 1912. Mijin ya rasu kafin ƙaurar. Abu na farko da ta saya wa sabon gidan, tun ba ta rataya labule ba, shi ne dashen ceri.

A watan Janairun 2021 aka haƙa ramin. Da aka yi ƙasa kaɗan sai shebur ya ci karo da wani ɓawo mai tauri kamar siminti, wanda mutanen yankin ke kira kalici, sai da aka kawo diga aka fasa shi don ruwa ya sami mafita. Ta koyi ban ruwa irin na hamada: a bar shi ya tsiyaya a hankali daidai inda inuwar rassa ta ƙare, har ya ratsa kusan mita guda, sannan a dakata kwanaki. Ta shafe gindin da farin fenti saboda ƙunar rana. Da ganye ya fara komawa rawaya, jijiyoyinsa na nan kore, ta gane ƙasar ce mai kanwa-kanwa ke hana saiwa tsotsar sinadarin ƙarfe, ta nemo maganinsa.

A Maris na farko bishiyar ta yi fure, ba yawa, amma ya isa ta zauna gabanta ta yi kuka. Shekara ta biyu furannin suka fito jefi-jefi. Ta uku kuwa wani reshe ya yi toho, wani ya zauna tsirara har Mayu.

Dalilin yana cikin tohon. Itatuwan ƙasashen sanyi, irin su ceri da tuffa, suna kwantawa barci a ƙarshen kaka, kuma ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun tara wani adadi na sa'o'in sanyi, galibi tsakanin digiri 0 zuwa 7 a ma'aunin Selsiyos. Wannan ne ke kare su daga ruɗin 'yan kwanakin ɗumi a tsakiyar hunturu, kada su yi toho ƙanƙara ta dawo ta kashe shi. Hunturun Finiks gajere ne, da rana kuma akwai ɗumi, don haka lissafin ba ya cika. Furen shekarar farko guzuri ne: sanyin da dashen ya sha a inda aka rene shi kafin a kawo shi. Da guzurin ya ƙare, ba ruwa ko takin da zai maye gurbinsa.

Daga nan matsala ta haifi matsala. Bishiyar da ta makara wajen ganye tana shiga zafi ba inuwar kanta, rana ta gasa ɓawon rassanta ya tsattsage. A 2023 Finiks ta yi kwana 31 a jere, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, zafin rana bai gaza digiri 43 ba, darare da yawa kuma ba su sauka ƙasa da 32 ba. A irin wannan dare itace na ƙone abincin da ya tara da rana ba hutu. Ta kafa mata rumfa, ta ƙara ruwa. Kafin Satumba ta kankare ɓawon da farce, ta tarar ciki ya bushe.

Ta yi niyyar sayen wata. 'Yarta ta ce, "Mama, ko goma kika dasa, sanyin nan ba zai zo ba." Ga kuma batun ruwa: tun 2022 aka rage wa Arizona kasonta na Kogin Kolorado, birnin da ruwan samansa na shekara bai cika kai milimita 200 ba. Ta yi makonni ba ta ce komai ba.

A watan Oktoba aka saka palo berde a ramin, bishiyar da Arizona ta ɗauka a matsayin tambarinta tun 1954. Sunan na Sifaniyanci ne, ma'anarsa koren itace, domin ɓawonta kore ne, yana sarrafa hasken rana ko da ta kaɗe ganye saboda fari. Dangi ɗaya take da gawo da bagaruwa, kuma ba ta jiran sanyi mai tsawo.

A Afrilu ta yi fure rawaya. Matar ba ta ce ya kai na ceri ba, domin wannan launi ba ya tuna mata da kowa. Amma da furannin suka zuba suka rufe ƙasa, jikanta ya ɗauko tsintsiya, sai ta ce ya bari tukuna.