Gyaran Ƙwai Don Baƙi

Dafaffen ƙwai ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Da damina ta sauka za ka ga ƙwan zabi a tasha da kasuwa, ana ɓarewa ana dangwala yaji. Amma akwai wani gyara da mutanen Amurka da na Turai suke yi wa ƙwai in suna biki ko sun yi baƙi. Suna kiransa da wani suna mai ma'anar ƙwan shaiɗan. Kada sunan ya ba ku tsoro. Tun ƙarni na 18 mutanen Ingila suke kiran abinci mai yaji haka nan, saboda zafinsa.

Ni a wurin kawuna na koya, shi kuwa kuku ne. Abin da ya fara koya mini shi ne gwajin ƙwai. Akan sa shi cikin ƙwaryar ruwa. Sabo yakan nutse, wanda ya daɗe kuwa yakan taso sama, don iska ta yi yawa a cikinsa. Wanda ya taso ba na baƙo ba ne.

In na zaɓi ƙwai 6, sai in dafa su minti 12, in tsame, in zuba cikin ruwan sanyi don ɓawon ya yi sauƙin fita. Sa'an nan in wanke hannuna da sabulu, in ɓare, in raba kowanne biyu a tsaye. Ka ga 6 sun zama 12 ke nan. Sai in kwashe gwaiduwar a kwano, in murje ta da cokali, in sa mayonis cokali 3, da gishiri kaɗan, da 'yan ɗigon lemun tsami.

To, ganye shi ne ran wannan abinci. Turawa suna da nasu ganyaye masu ƙanshi, ni kuwa lawashi nake yankawa ƙanana ƙanana, in haɗa da na'ana'a ko ɗoɗɗoya. Kaɗan ake sawa, don kada ƙanshin ganyen ya danne ɗanɗanon ƙwan. In na gauraya, sai in mai da haɗin cikin ramin farin ƙwan, in barbaɗa yaji, in jera a faranti. Ga fari, ga rawaya, ga kore, ga ja, ko ba ka ci ba idonka ya ƙoshi.

Amma fa akwai haɗari. Ƙwan da aka ɓare ba ya jure zafi, ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani suna saurin yaɗuwa a cikinsa. Kada ya wuce awa 2 a waje, in kuwa bazara ce, awa 1 ta isa. Saboda haka ba na haɗawa sai baƙi sun kusa isowa, in kuma rufe shi don ƙuda. Mai firji ya sa a ciki.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Ba yawan abinci ne yake girmama baƙo ba, tsabta ce da kulawa. Yara, ranar da kuka yi baƙi, ku nemi izinin iyayenku ku gwada, ku tabbata baƙon ya koma gida lafiya.