Wasan da Na Ƙago a Aji

Ya kai ɗalibi, a Kafanchan na taɓa ƙago wasan kati domin ɗalibaina masu jin Jju da Tyap su bambance "baki" da "baƙi". Wanda ya yi kuskuren furuci sai ya fita.

Suka ce, "Malam, a daina fitar da mutum, a kuma cire baƙaƙe masu ƙugiya!"

Na amince da buƙatar farko, domin wanda ya fita shi ya fi bukatar koyo. Ta biyun kuwa na ƙi, saboda baƙaƙen ne ginshiƙin wasan.

Markus Persson ma ya saki wasan kwamfutarsa, Minecraft, a 2009 tun bai kammala ba, yana gyara bisa shawarar masu bugawa. Kai ma ka saurari jama'a, amma kada ka yar da manufarka.