Daga Gamu zuwa Damagaram da yara biyu

'Yan uwa mata, watan jiya na kai Auta ganin likita Damagaram, tana goye, wanta mai shekara 4 yana riƙe da zanena. Daga Gamu muka sha rairayi har Gure, nan muka hau kwalta, hanyar Gidigir, Gidimuni da Mirya.

Don tsimi, kuɗin wuri ɗaya na biya, na ɗora yaron a cinya. Muna dab da Gidimuni akuya ta gitta, direba ya taka birki. Yaron ya kuɓuce mini, goshinsa ya bugi ƙarfen kujerar gaba. Da na komo baya kuma, na danne Auta. Allah ya taƙaita, kumburi ne kawai.

Wata hajiya a gefena ta ce: "Ɗiyata, ko a jirgin sama, yaron da ya kai shekara 2 kujerarsa daban, da maɗaurinta. Jinjiri kuwa a ƙirji ake rungume shi."

Da za mu komo, na kwance goyo, na biya wa yaron wurinsa nesa da ƙofa.

Ranar zubi ina da shawara: in tafiyar likita ta kama 'yar ƙungiya, asusun taimako ya ɗauki kuɗin kujerar yaro.