NA HAU DUTSEN ANNABI ADAMU A SARANDIB

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wani dutse da na hau. Tun da na komo gida maganarsa ba ta mutu ba a unguwarmu, har waɗansu suna cewa wurin tsafi na tafi. Na ga gara in faɗi abin da idona ya gani, malamai su auna.

Ni akawu ne na wani attajiri mai fataucin ganyen shayi. A cikin watan Janairu na 2024 ya tafi da ni ƙasar Siri Lanka don in riƙa yi masa tafinta da rubutu. Tsibiri ne a gindin ƙasar Indiya ta wajen kudu, girmansa bai kai na Jihar Barno ba, mutanensa kuwa wajen miliyan 22. Turawa sun kira shi Silon har 1972, Larabawan da kuwa Sarandib su ke ce da shi.

Kafin mu tashi na tafi yin sallama da Malam, watau tsohon da ya koya mini Alƙur'ani tun mahaifina bai sa ni makarantar mishan ba. Ran da aka sa ni bai ji daɗi ba, har yau in ya so tsokanata ɗan mishan ya ke kirana. Da na ce Siri Lanka bai kula ba, amma da na ce Sarandib sai ya gyara zama. Ya ce ai malaman tarihi irin su Ɗabari sun kawo ruwayar cewa can Annabi Adamu, alaihis salamu, ya sauka da aka fito da shi daga Aljanna, Nana Hauwa'u kuwa ta sauka Jidda. Ya ce, "Ɗana, an ce sawunsa yana nan bisa wani dutse. Tafi ka dubo mini, kada ka ƙara, kada ka rage."

Da muka gama ciniki a Kolambo maigida ya ba ni kwana biyu. Na shiga jirgin ƙasa zuwa wani gari wai shi Haton. Jama'a, ban taɓa ganin ƙasa mai ruwa irin wannan ba. Jirgi ya fara ratsa fadamun shinkafa da itatuwan kwakwa, sa'an nan ya kama hawa, yana shiga ramin dutse yana fita, ko ina ka duba ga ruwa yana zubowa daga kan tsauni fari fat. Sai gonakin shayi, an aske kan itatuwan daidai wa daida, tudu bayan tudu. Kofi ne a wurin da, sai wata cuta ta faɗa masa a 1869 ta gama da shi, Ingilishi suka koma ga shayi, wanda wani mutumin Sikotilan, James Taylor, ya fara shukawa a 1867. Matan da na gani suna tsinkar ganye da buhu a baya jikokin Tamilawan da aka kwaso ne daga kudancin Indiya don wannan aiki. Na san kuɗin da maigida ya biya, na kuma ga irin gidajen da su ke kwana, raina bai yi mini daɗi ba. Amma wannan wata magana ce.

Dutsen tsawonsa ƙafa 7,359 daga bakin teku, watau ya kusa ninka tudun Jos. Ba shi ne mafi tsawo a tsibirin ba, amma ya tsaya shi kaɗai da tsini kamar malfa, ana hango shi daga nesa ƙwarai. Mutanen ƙasar suna kiransa Siri Pada, watau sawu mai tsarki, waɗansu kuma su ce dutsen malam-buɗe-littafi, saboda yawansu a wurin in lokacinsu ya yi. Daga Disamba zuwa Mayu a ke hawansa. Bayan nan sai iskar damina ta taso daga teku ta bugi duwatsun, ruwa ya tsuge, a waɗansu wurare ya ninka na Kano kusan sau biyar a shekara. Dajin da ke kewaye da shi an hana sara da farauta a ciki tun 1940, kuma daga wannan yanki manyan koguna su ke fitowa, har da Mahaweli wanda ya fi duk kogunansu tsawo.

Ƙarfe biyu na dare na kama hawa. An yi matakala, sun fi 5,000, an jera fitilu tun daga ƙasa har bisa, in ka ɗaga kai sai ka ga kamar taurari ne suka yi sahu. Ga rumfunan masu shayi a hanya. Da fari na raina abin, ina tsallake tsofaffi. Kafin in kai rabi gwiwoyina sun fara rawa, sanyi kuwa ya ratsa ni, gama ko yaushe ka ƙara hawa iska ƙara sanyi ta ke yi. Wata tsohuwa da na wuce tun a gindi, ba takalmi a ƙafarta, jikanta yana riƙe da hannunta, sai ga ta ta zo ta wuce ni ina zaune ina haki. Ta dube ni ta yi murmushi. Kunya ta sa na tashi.

A nan na tuna da Ibn Baɗuɗa, wanda ya hau dutsen nan a 1344, shi ne kuma wanda ya ratso ta Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353. A zamaninsa da sarƙoƙin ƙarfe a ke kamawa a hau. Ya ƙidaya goma, ya ce ta ƙarshen sarƙar Shahada a ke ce da ita, domin wanda ya kai gare ta ya dubi ƙasa, tsoro kan sa ya yi kalmar Shahada. Yanzu akwai ƙarfen dafawa, duk da haka ni ma sai da na yi tawa.

To, ga batun sawun. Bisan dutsen fili ne ɗan ƙarami, cike da mutane, kowa ya tuɓe takalmi. Sawun yana cikin wani ɗan ɗaki, limaman addinin Budda masu rawayen mayafi su ke tsaronsa. Kwarmi ne a jikin dutse, tsawonsa ya kusa ƙafa shida, mafi yawansa a lulluɓe da ƙyalle. Mabiya Budda sun ce sawun Budda ne, Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi sun ce na Annabi Adamu, waɗansu Kirista kuma na Toma almajirin Annabi Isa. Na gabana suna durƙusawa suna sa goshi. Ni na tsaya a tsaye, na duba, na wuce, ba wanda ya ce mini kanzil. Akwai ƙararrawa da kowa kan buga gwargwadon yawan hawan da ya yi, ban taɓa ta ba. In faɗi gaskiya, ban ga abin da zai sa in rantse cewa ƙafar mutum ce ba.

Asuba ta yi, na sauko 'yan matakala na sami wani lungu, na yi alwala da ruwan gorana, yatsuna kamar za su karye. A nan wani abu ya ruɗe ni. Mu a gida in an ce gabas an ce alƙibla, amma Sarandib tana gabas da Makka, saboda haka yamma na fuskanta, na ɗan karkata arewa, alfijir yana ketowa ta bayana. Duk tsawon raina ban taɓa ba gabas baya a salla ba sai ran nan.

Da rana ta ɓullo, mutane suka ruga wajen gabas suna kallo. Wani Musulmi ɗan ƙasar da ya gan ni ina salla ya jawo rigata ya nuna mini yamma. Sai ga inuwar dutsen ta faɗa bisa hazo, mai kusurwa uku, gefenta a miƙe kamar an ja da rula, tana tsaye cikin sarari sai ka ce wani dutse ne na biyu. Dutsen kansa ba haka ya ke a miƙe ba. Tsawon inuwar ne ya sa ido ya ga ta tsuke, kamar yadda layin dogo ya kan haɗe in ka hango shi daga nesa, wannan a makaranta aka koya mini. Ta miƙa kusan daidai wajen da na fuskanta a salla, domin a watan nan rana ta ɗan karkata kudu. Ƙarƙashinta kuwa ga daji baƙi ƙirin, ga tafkuna suna ƙyalli, ga gizagizai a ƙasa da ƙafafuna. Ba a jima ba ta yi ta janyewa har ta shige gindin dutsen.

Da na komo na kai wa Malam tsarabar shayi, na ba shi labari duka, ban ƙara ba, ban rage ba. Da na zo kan sawun ya yi shiru, na ga ransa ya ɗan sosu, har na yi da na sani. Can ya ce ai wannan ruwaya ce ta masu tarihi, ba aya ba ce. Sa'an nan ya sa na maimaita masa batun inuwar har sau biyu, ya tambaye ni ko na yi salla a kan lokaci. Ɗaya daga cikin almajiransa ne ya fita da maganar cewa ɗan mishan ya tuɓe takalmi a ɗakin gumaka.

Takalmi kam na tuɓe, ban musa ba, amma goshina bai taɓa ƙasa ba sai a lungun nan. Ina roƙon malamai masu karanta jaridar nan su amsa mini ta hannun Edita, ko akwai laifi ga Musulmi ya hau irin wannan wuri don ya duba, alhali waɗansu bauta ta kai su. In an buga amsar zan kai wa Malam in karanta masa, gama idonsa ya yi rauni. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.