Kifin kallo da kifin tukunya: shirin kududdufi a garkarmu

 Ƙungiyarmu mata 28 ce, kuma shekara huɗu ke nan muna aikin garka ɗaya a bakin gari, da rijiyarta da shingenta. Bana mun ƙudurta gina kududdufin kifi a cikinta. Ba mu sa magirbi a ƙasa ba tukuna, amma wata uku muka yi muna shawara, kuma mun ga ya dace mu ba ku labarin yadda shawarar ta gudana, don wata ƙungiya da ke da irin wannan niyya ta samu abin dubawa.

Gaskiya sha'awa ce ta fara kawo maganar. Ƴan matanmu sun sha nuna mana bidiyo a salula na wasu kifaye masu ja da fari da ruwan zinariya, suna yawo cikin ruwa garau, har suna cin abinci a tafin hannun mutum. Manyan ana ce musu koyi, ƙananan kuma kifin zinariya. Wallahi duk wadda ta gani sai ranta ya biya. Wata daga cikinmu ta ce: "Mu ma fa mutane ne. Kullum daka, kullum jan guga, a ce babu wuri ɗaya da mace za ta zauna idonta ya huta?" Babu wadda ta yi mata dariya, don abin da ta faɗa yana ran kowa.

Sai muka sa magatakardarmu ta binciko mana asalin kifin. Shi kifin zinariya daga ƙasar Sin ya fito, sun fi shekara 1,000 suna kiwonsa. Koyi kuwa na Japan ne, daga yankin Nigata mai duwatsu da ƙanƙara. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, manoman shinkafa ne suka fara kiwonsa don su samu na miya lokacin sanyi. Wajen farkon shekarun 1800 wasu kifayen suka riƙa fitowa da launi, manoman suka dinga ware su suna haɗa su aure, har aka kai su baje koli a Tokiyo a 1914, duniya ta san su. Ashe su ma talakawa ne irinmu, ciki suka fara yi wa tanadi, ado ya biyo baya.

Da muka ji buƙatun koyi, jikinmu ya yi sanyi. Ya fi jin daɗin ruwa mai sanyin digiri 15 zuwa 25, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40. Ruwa in ya ɗumama iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa raguwa take yi. Koyi yana girma ya wuce santimita 60, yana iya rayuwa fiye da shekara 25, kuma yana son famfo da matata su yi ta aiki dare da rana. Garkarmu ko wayar lantarki ba ta da ita. Sa'an nan ma'ajiyarmu ta yi tambayar da ta rufe bakin kowa: "In mun ciyar da shi shekara guda, wa zai saye shi a kasuwarmu?"

Daga nan muka juya wajen kifin da muka sani. Muka gayyato ma'aikacin gandun daji mai kula da sha'anin kifi, muka kuma aiki mata biyu suka gano kududdufin wani mai kiwo kusa da tabkin Madarunfa. Duka shawararsu ta tsaya kan tarwaɗa. Ita tarwaɗa Allah ya yi ta da abin shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure zafi da ruwa mai duhu. In ta samu abinci sosai tana iya kai kilo 1 cikin wata shida. Aibinta shi ne babba na cinye ƙarama, don haka dole a riƙa tace su ana ware manya daban. Karfasa ma tana yi, sai dai tana haihuwa barkatai, kududdufi ya cika da ƙanana waɗanda ba su girma.

Inda muka fi daɗewa shi ne lissafin ruwa. Mun auna wuri mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 1. Wannan lita 12,000 ke nan, wato jarka 480 ta lita 25. Da magatakarda ta faɗi adadin, wata tsohuwa ta dubi tafin hannunta ta ce: "Da wane guga?" Ban da cikawar farko, a bazara rana kaɗai tana iya shanye santimita 1 a wuni, kusan jarka 5 kullum, ga kuma canjin ruwa da tarwaɗa ke buƙata in ya fara wari. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne ruwan da aka fitar ba asara ba ne. Kashin kifi taki ne, kuma dama kullum muna ban ruwa. Saboda haka muka tsara a gina kududdufin a wurin da ya fi tudu, kusa da rijiya, da bututu a ƙasansa wanda zai gangara cikin fangalin zogala da salati da albasa. Ruwa ɗaya zai yi aiki biyu.

Ƙasar ma mun gwada ta. Muka haƙa rami muka cika da ruwa da marece, da safe ko ɗigo babu, don jigawa ce. Ke nan sai siminti ko tamfol. Tamfol ya fi sauƙin kuɗi amma rana tana cinye shi, don haka muka zaɓi siminti. An gargaɗe mu cewa sabon siminti yana kashe kifi, sai an jiƙa shi makonni ana zubar da ruwan kafin a saka ƴaƴan kifi. Inuwa kuma za mu yi rumfar zana a rabin kududdufin, ba za mu sa shi ƙarƙashin bedi ba, don ganye yana ruɓewa ya ɓata ruwa. Za a shimfiɗa raga a sama saboda zalɓe da guza.

Maganar yara ba mu yi gardama a kanta ba. Yawancinmu da goyo muke zuwa garka, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba ma yana iya cin yaro mai rarrafe. Mun yanke cewa ba za a zuba ko jarka ɗaya ba sai an kewaye wurin da waya, an sa ƙofa da kwaɗo. In an kwashe kifi kuma, a tsiyaye ruwan nan take, kada ya zama gidan sauro.

Kuɗi ne ya kusa raba mu. Abincin kifi yana cinye fiye da rabin abin da ake kashewa, kuma wata shida za a yi ana zubawa ba a ga ko dala ba. Wasu suka ce a ɗauka daga akwati. Sai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mai ƙuli-ƙuli, ta miƙe ta ce: "Yaya, ni da rancen akwatin nan nake sayen gyaɗa duk wata. In kuka zuba shi a ruwa, ƴaƴana me za su ci kafin kifin ya girma?" Wuri ya yi tsit. Tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi a 1991, amfanin akwati shi ne mace ta samu rance ranar da take buƙata. Muka amince ba za a taɓa shi ba. Aka buɗe zubi na daban, dala ashirin a mako ga wadda ta ga za ta iya, riba kuma gwargwadon zubin kowa. Mata 19 suka shiga. Daidai ruwa, daidai tsaki: kuɗin da ya taru shi zai faɗa mana yawan ƴaƴan kifin da za mu fara da su.

Za mu yi gini da rani, mu zuba kifi a farkon damana lokacin da ruwa ya wadata, mu kwashe kafin sanyi ya kankama, don tarwaɗa ba ta cin abinci sosai cikin hunturu. An raba ranakun ciyarwa, mata biyu kowace rana, safe da marece, da littafin da za a rubuta abin da aka zuba da kifin da ya mutu.

Ita kuwa ƴar uwarmu mai son wurin hutun ido, an rubuta maganarta a littafi. In kwashe na farko ya yi albarka, za a gina ƙaramin kwami a inuwa kusa da inda muke zaman taro, a nemo kifin zinariya kaɗan, tunda shi ya fi koyi juriya da ƙarancin buƙata.

Ƙungiyar da ta riga mu wannan aiki, a Damagaram ko Tawa ko Yamai, don Allah ku aiko mana da abin da kuka gani, musamman kan haɗa abincin kifi da dusa da tunkuza a gida. Allah ya sa albarka a asusunmu baki ɗaya.